Ra'ayi: A Cike Saitin Manhajar Gasa A Gaban Kowa Kafin A Busa Usur

Shekaru kaɗan da suka wuce, bayan an kammala girbi, matasan wasu unguwanni a Talata Mafara suka haɗa gasar ƙwallon ƙafa ta ƙungiyoyi 16. Da yake ni ake kawo wa waya idan ta rikice, sai aka ɗora mini aikin riƙe sakamako. Na ce musu zamanin littafi da biro ya wuce. Na buɗe wata manhajar tsara gasa a wayata, na zuba sunayen ƙungiyoyin, na raba su rukuni huɗu, biyu-biyu za su fito daga kowane rukuni. Da na iso shafin saiti, inda aka jero tambayoyi kan maki da yadda za a raba gardama, sai na yi abin da yawancinmu muka saba: na danna maɓallin ci gaba ba tare da na karanta ba.

Mako uku komai na tafiya daidai. Duk yamma ina ɗaukar hoton teburi in tura a zauren WhatsApp, ana ta yaba mini. Ranar da aka rufe rukuni na uku ne ƙura ta tashi. Ƙungiyoyi biyu suka gama da maki huɗu-huɗu. Ta farko ta doke ta biyun da ci 1-0 a haɗuwarsu. Ita kuwa ta biyun ta zura wa ta ƙarshen rukunin ƙwallaye biyar, a ranar da waɗancan suka zo fili da mutum tara. Ina shigar da sakamakon ƙarshe, manhaja ta ɗaga ta biyun sama, domin saitin da ta zo da shi yana fara duba rarar ƙwallaye ne.

Kocin waɗanda aka fitar ya tare ni a bakin fili ya ce, "Malam, mu munka ci su gaban kowa. To mi wayarka ta gani wanda mu ba mu gani ba?" Na ce masa ba ni ba ne, manhaja ce ta yi lissafi. Kafin a yi sallar Magariba an fara jifa. An dakatar da gasar mako biyu, Alhajin da ya sa kuɗin kofi ya ce ya zare hannunsa, ni kuma aka rinƙa cewa na ci kuɗi. Da aka zauna sulhu a zauren wani dattijo, bayan ya saurari kowa sai ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, ita wayar ga, wa yac ce mata ta yi hakanga?" Na rasa amsa, domin babu wanda ya ce mata. Wani mai rubuta manhaja ne a wata ƙasa ya zaɓar mana doka, ni kuma na sa hannu a madadin ƙungiyoyi 16 ban karanta ba.

Tun daga ranar ra'ayina bai sauya ba. Shafin saiti shi ne kundin dokar gasa. Bai kamata mai riƙe da waya ya cike shi shi kaɗai a ɗakinsa ba. A cike shi a zaman da kowace ƙungiya ke da wakili, a buga shi a takarda, a sa hannu, sannan a kulle shi kafin a taɓa ƙwallo.

Abin da ke cikin shafin saiti

Manhajojin da ake wannan aiki da su suna da yawa. Akwai Challonge da Toornament, waɗanda 'yan gasar gem suka fi sani. Akwai Tournify da LeagueRepublic, da suka fi karkata ga wasannin fili irin su ƙwallon ƙafa. Wasu kuma Excel ko Google Sheets suke buɗewa su rubuta nasu lissafin. Fuskokinsu sun bambanta, amma tambayoyin da suke yi wa mai shirya gasa kusan iri ɗaya ne: wane tsari za a bi, maki nawa ne na nasara da na canjaras, da me za a raba waɗanda suka yi kunnen doki, ƙungiya nawa za su fito daga rukuni, me za a rubuta wa wadda ba ta zo fili ba, kuma wa ke da ikon shigar da sakamako.

Kowace tambaya tana zuwa da amsarta a cike, wato saitin asali. Nan tarkon yake. Wanda ya cike amsar bai san filinku ɗaya ba ne, bai san ba ku da fitila ba, bai san ranar Talata rabin 'yan wasanku suna kasuwa ba. Ya zaɓi abin da ya dace da mafi yawan masu amfani da manhajarsa, kuma mafi yawansu ba a Bakura ko Maradun suke ba.

Tsarin gasa: fara da ƙirga ranaku

Tambaya ta farko ita ce tsari, kuma lissafi ne ke amsa ta. A ɗauka ƙungiyoyi 12 ne suka yi rajista. Idan aka zaɓi kowa ya kara da kowa sau ɗaya, wasanni 66 ke nan. Idan fili ɗaya ne kuma wasa ɗaya ake bugawa a yini, an ci sama da wata biyu, ba a ma cire ranakun da ba za a buga ba. Idan aka zaɓi sili ɗaya ƙwale, wasanni 11 ne kacal, amma ƙungiyoyi huɗu za su tsallake zagayen farko kyauta domin a cike gurbin takwas, kuma wasu huɗu za su koma gida bayan wasa ɗaya tak alhali sun biya kuɗin rajista. Idan aka raba rukuni uku na huɗu-huɗu, wasannin rukuni 18 ne. A ɗauki biyu-biyu, a ƙara da biyu mafiya ƙoƙari cikin waɗanda suka zo na uku, a buga kwata fainal har zuwa wasan ƙarshe da na neman na uku, duka wasanni 26.

Manhaja za ta zana maka kowanne daga cikin ukun cikin daƙiƙa. Ba za ta gaya maka cewa damina za ta riske ka ba, ko azumi, ko lokacin da manoman rani na yankin Bakolori ke shiga aikin shinkafa gadan-gadan. Gasar da ta wuce wa'adinta takan mutu ne a hankali: yau wannan ƙungiya ba ta cika ba, gobe alƙalin wasa ya yi tafiya.

Akwai kuma batun su wa za su tsallake kyauta, da su wa za a raba kada su haɗu tun da wuri. Manhajoji da dama suna bin jerin da ka shigar da sunaye ne wajen yanke wannan, sai idan ka umarce su su gauraya. Ma'ana, ƙungiyar da ka fara rubutawa ita za a ɗauka mafi ƙarfi, a ba ta hanya mai sauƙi. Idan ta unguwarku ce ka fara rubutawa saboda ita ta fara zuwa maka a rai, babu rantsuwar da za ta wanke ka. A jefa ƙuri'a a bainar jama'a, sannan a shigar da sunaye yadda ƙuri'a ta fito.

Ina kuma ba da shawarar a guji rukunin ƙungiyoyi uku-uku. A irin wannan rukuni, ɗaya tana zaune ne a lokacin da biyun ke buga wasan ƙarshe, kuma biyun sun san sakamakon da zai fitar da su tare. Ita kanta FIFA ta fara tsara Kofin Duniya na 2026 da rukuni 16 na uku-uku, amma a watan Maris na 2023 ta janye ta koma rukuni 12 na huɗu-huɗu.

Maki nawa ne nasara?

Kowa yana ɗauka maki uku na nasara da ɗaya na canjaras abu ne da ba ya buƙatar tambaya. Ba haka aka fara ba. A da maki biyu ne. Ingila ta koma uku a 1981, Kofin Duniya kuma sai a 1994. Manhajojin da aka gina saboda darar Turawa ko gem sukan zo da maki ɗaya na nasara da rabin maki na canjaras, wanda a lissafi daidai yake da tsohon tsarin maki biyu.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A ɗauki ƙungiyoyi biyu da suka buga wasa shida-shida. Ta farko ta ci uku an cinye ta uku. Ta biyu ta ci ɗaya ta yi canjaras biyar. A tsarin maki uku, ta farko tana da 9, ta biyu tana da 8. A tsarin maki biyu, ta farko tana da 6, ta biyu tana da 7. Wasanni ba su sauya ba, ƙwallaye ba su sauya ba, amma wadda ke sama ta sauya saboda lamba ɗaya a cikin wani ɗan akwati da ba wanda ya leƙa.

Raba gardama: inda aka fi yin faɗa

Nan ne na faɗi, kuma nan ne yawancin gasanninmu ke faɗuwa. Babu doka ɗaya da duniya ta haɗu a kai. Gasar Firimiya ta Ingila tana fara duba rarar ƙwallaye. La Liga ta Sifaniya da Kofin Afirka suna fara duba sakamakon haɗuwar ƙungiyoyin da suka yi kunnen doki. To a gidan kallo ɗaya a Mafara za ka samu masu bin Firimiya da masu bin La Liga, kowanne kuma yana ganin abin da ya saba shi ne doka. Idan ba a rubuta ba, kowa yana da gaskiya.

Wanda ke ganin ba za a kai ga matakan ƙasa na jerin ba, ya tuna da Senegal. A Kofin Duniya na 2018 a Rasha, Senegal da Japan sun gama rukuninsu da maki huɗu-huɗu, kowacce ta ci ƙwallo huɗu an ci ta huɗu, haɗuwarsu kuma an tashi 2-2. Da katin gargaɗi aka raba: Japan tana da huɗu, Senegal tana da shida. Haka Senegal ta koma gida ranar 28 ga Yuni. Kafin nan, a Kofin Afirka na 2015, Mali da Gini kowacce ta yi 1-1 a duka wasanninta uku, babu sauran abin dubawa, sai aka jefa ƙuri'a a Malabo, Gini ta wuce. An yi baƙin ciki a Dakar da Bamako, amma ba a ce an sauya doka a tsakiyar gasa ba, domin tana rubuce tun kafin a fara.

A ganina, gasar unguwa ko ta ƙaramar hukuma ta fi dacewa da fara duba haɗuwar ƙungiyoyin. Dalili na farko, shi ne abin da 'yan kallo suka gani da idonsu, kuma ya fi sauƙin bayani. Na biyu, rarar ƙwallaye tana da sauƙin saye a inda ƙarfin ƙungiyoyi ya yi nisa da juna, ko inda wadda ta riga ta fita ba ta da abin da za ta rasa. Mun ga ƙarshen wannan a Bauchi a watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa ƙaramin rukuni na ƙasa. Plateau United Feeders da Police Machine suna da maki ɗaya, rarar ƙwallaye ce za ta raba su. Sai Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine ta ci Babayaro 67-0, kuma kusan duka ƙwallayen bayan an dawo hutun rabin lokaci aka zura su. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har abada. Da a manhaja aka shigar da wannan sakamako, da ta karɓa ta jera teburi ba tare da ta ce uffan ba.

Shi ma duba haɗuwa yana da nasa rauni. Idan ƙungiyoyi uku suka yi kunnen doki, wannan ta ci waccan, waccan ta ci ɗayar, ɗayar kuma ta ci ta farko, an dawo inda aka fara. Shi ya sa jerin ke buƙatar matakai aƙalla huɗu: haɗuwa, rarar ƙwallaye, yawan ƙwallayen da aka ci, sai ƙuri'a. Idan manhajar ba ta da gurbin da zai ɗauki duka, a rubuta sauran a takarda. Kati kuwa kada a sa shi a jerin sai idan an tabbata alƙalan wasa za su rinƙa miƙa rahoton kati bayan kowane wasa. Matakin da babu bayanansa ya fi rashinsa haɗari, domin ranar da aka buƙace shi za a koma ne ga abin da kowa ya tuna.

Wani abin da ake mantawa shi ne kwatanta na ukun rukuni da na ukun wani rukuni idan rukunan ba su kai juna yawa ba. Wadda ta buga wasa huɗu ba za a auna ta da wadda ta buga uku ba. Hanyar da hukumar ƙwallon Turai ke bi a wasannin share fage ita ce a cire sakamakon da aka samu a kan ta ƙarshen babban rukunin. Ba kowace manhaja ke yin wannan da kanta ba.

Wasan ƙarshe na rukuni

A Kofin Duniya na 1982 a Sifaniya, Aljeriya ta gama wasanninta kwana ɗaya kafin Jamus ta Yamma da Austriya su haɗu a garin Gijon. Ƙasashen biyu sun san cewa idan Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, su biyun za su wuce. Jamus ta ci ɗaya da wuri, aka ƙarasa sauran lokacin ana gara ƙwallo, Aljeriya ta fita. Daga nan ne aka koma buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda.

Manhaja tana tsara jadawali ne bisa yawan filayen da ka gaya mata. Idan ka ce ɗaya, za ta jera wasannin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Ko da ranakun rufe rukuni ne kaɗai, a nemi aron fili na biyu, na makarantar firamare ko sakandare, a shigar da shi a saiti. A Mafara, inda ake da Kwalejin Abdu Gusau da makarantu da dama, wannan ba abu ne mai wuya ba idan an nemi izini da wuri. Idan kuwa ya gagara, a faɗa wa kowa tun farko, a kuma jefa ƙuri'ar wanda zai fara.

Ƙungiyar da ba ta zo ba

Wannan ne saitin da ya fi shafar yankinmu, kuma shi ne manhajojin suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da aka saba shi ne a rubuta wa wadda ba ta zo ba an ci ta 3-0. A wurin manhaja, rashin zuwa iri ɗaya ne. A wurinmu iri biyu ne. Akwai ƙungiyar da ta ƙi zuwa saboda tana fushi da alƙalin wasa. Akwai kuma ƙungiyar wani ƙauye a ƙasar Maradun ko Bakura da ta wayi gari aka ce hanya ba ta da kyau yau, kada kowa ya fita. Kowa a Zamfara ya san ma'anar wannan magana.

Idan dokar gasa ta ce duk wanda bai zo ba ya yi asarar maki uku, to dokar tana tura yara ne su hau babur su bi hanyar da iyayensu suka hana su. Babu kofin da ya kai wannan. Dole a rubuta tun farko cewa rashin zuwa saboda tsaro ɗage wasa yake jawowa, a faɗi wanda zai tabbatar da uzurin, misali mai gari ko hakimin yankin, a kuma ware ranakun da babu wasa a cikin jadawali domin cike giɓi. A manhaja, irin wannan wasa a bar shi a matsayin wanda aka ɗage, kada a taɓa maɓallin ba da nasara kyauta.

Haka kuma a yanke abin da zai faru idan ƙungiya ta fice gaba ɗaya: za a goge sakamakonta na baya ne, ko za a bar shi a ba sauran 3-0? Kowanne yana iya sauya teburi. A kuma yanke abin da za a yi idan gasar kanta ta tsaya ba a gama ba. Manya ma sun yi tuntuɓe a nan. Da cutar korona ta tsayar da gasar ƙwararru ta Najeriya a 2020, an koma raba maki da yawan wasannin da kowa ya buga. Plateau United ta zo ta ɗaya, amma Enyimba da Rivers United suka yi kunnen doki a kan 1.8, aka ba Enyimba matsayi na biyu, Rivers United ta yi ta ƙorafi. Rigimar ta yi tsawo ne saboda ana neman doka bayan kowa ya riga ya ga wanda za ta amfana.

Tsakanin La'asar da Magariba

Filayenmu ba su da fitila. Lokacin wasa shi ne daga idar da La'asar zuwa kiran Magariba, kuma a lokacin sanyi wannan tazara takan ragu. Minti 90 da hutun minti 15 sun riga sun cinye awa ɗaya da minti 45, ba a haɗa da jiran 'yan wasa da ƙarin alƙali ba. Idan aka bar saitin ƙarin lokaci na minti 30 a kunne, bugun fenariti zai faɗa cikin duhu, mai tsaron gida ba ya ganin ƙwallo, baƙi kuma suna da tafiya a gabansu. A kashe shi, a rubuta cewa idan an tashi canjaras a zagayen sili ɗaya ƙwale, kai tsaye fenariti za a tafi. Idan akwai masu zuwa daga nesa, a rage tsawon wasan ma, a rubuta.

Idan zagayen gida da waje ne, kamar a ce zakarun Mafara da na Bakura za su ziyarci juna, a duba ko manhajar tana fifita ƙwallon da aka ci a waje. Turai ta soke wannan doka a 2021, amma wasu manhajoji suna da ita har yanzu a matsayin zaɓi. A kuma toshe ranakun da aka san ba za a samu mutane ba, irin Talata a Mafara, da ranar kasuwar kowane garin da ke cikin gasar.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Kuskurena na biyu shi ne da imel ɗina na buɗe gasar, a wayata, ni kaɗai na san kalmar sirri. Shi ya sa da aka zarge ni ba ni da shaida. A buɗe asusun gasa da sunan kwamiti, mutum biyu aƙalla su zama masu iko, kuma kada su fito daga unguwa ɗaya. Bayan kowane wasa, kyaftin biyu da alƙalin wasa su sa hannu a takardar sakamako, a ɗauki hotonta a tura zaure kafin a shigar a manhaja. A sani kuma cewa a wasu manhajoji, da zarar an danna fara gasa, ba a iya sauya tsarinta sai an mayar da ita farko, wanda ke goge duk sakamakon da aka shigar. Saboda haka a fara buɗe gasar gwaji, a zuba sakamakon ƙarya da gangan, a haddasa kunnen doki na biyu da na uku, a ga abin da za ta yi. Minti 20 ya isa.

Sannan kada a manta yawancin waɗannan manhajoji a intanet suke ajiye komai. Mu nan mun ga ranar da babu intanet ɗin. A ranar 3 ga Satumba 2021 aka fara katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara bisa umarnin hukumar NCC saboda matsalar tsaro. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sun haura wata biyu babu sabis. Duk wanda teburinsa ke kan intanet kaɗai a lokacin, ba shi da teburi. A rinƙa sauke kwafi a waya bayan kowane zagaye, a buga a shagon kwamfuta, a manna a bakin fili.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu abokaina suna cewa duk wannan wahala ce, a koma littafi da biro kawai. Ban yarda ba. Littafi bai taɓa hana rigima ba, sai dai ya ɓoye inda ta samo asali. Manhaja ba ta kuskuren tara maki, tana nuna wa kowa teburi a lokaci guda, kuma tana yi maka tambayoyin da littafi ba zai yi maka ba. Wannan shafin saiti da na tsallake, da na zauna na karanta shi a gaban mutane, da shi kansa ya zama jerin abubuwan da kwamiti zai tattauna.

Wasu kuma suna cewa ai gara a bar saitin asali, tunda wanda ya tsara shi ba ya goyon bayan kowa. Gaskiya ne bai san kowa ba. Amma dokar da ba a sanar ba, ranar da ta kama mutum zai ɗauka don shi aka ƙirƙiro ta. Ko da kwamiti zai amince da duk abin da manhajar ta zo da shi, to ya amince da baki, a rubuta.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa rayuwarmu ba ta ɗaukar doka mai tsauri, dole a bar wa dattawan gasa damar duba hali. Na yarda da rabinta. Jadawali dole ya zama mai lanƙwasuwa, saboda rasuwa, ruwan sama da halin hanya. Amma maki, jerin raba gardama da yawan masu fitowa daga rukuni, waɗannan ba a taɓa su bayan an fara. Duk gyaran da aka yi bayan an ga teburi, komai kyawun niyyar mai yinsa, akwai wanda zai ɗaga da wanda zai kayar, kuma kowa ya san su.

Wannan bai tsaya ga ƙwallo ba. Masu shirya gasar gem a shagunan PlayStation, masu dambe da za su yanke abin da za a rubuta idan an tashi babu kisa, da malaman da ke tara makin musabaƙa a Excel, duk suna da irin wannan shafi, ko sun gan shi ko ba su gan shi ba.

Mu dai a ƙarshe sake buga wasa aka yi tsakanin ƙungiyoyin nan biyu, abin da babu shi a kowace doka, dattijon ne ya ga shi kaɗai zai kwantar da hankali. A shekarar da ta biyo baya, kafin a karɓi kuɗin rajistar kowa, mun shimfiɗa tabarma, na jona wayata da talabijin ɗin gidan kallo, na karanta tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa, ana ɗaga hannu. An yi awa biyu ana musu, har da ɗaga murya a kan batun rarar ƙwallaye. Kocin nan da ya tare ni shi ya fara sa hannu a takardar. Idan kana shirin haɗa gasa a kakar bana, mai karatu, ka sa wannan zama a farkon jadawalinka, ka kuma tafi da biro.